Kiwon Kifin Zinariya a Gida

A manyan garuruwa akan ga wani ɗan kifi ja-ja mai ƙyalli yana yawo cikin akwatin gilashi, a ofis ko kanti ko ɗakin baƙi. Shi ne kifin zinariya. Ba a cinsa, don ƙawa ake ajiye shi. Sau da yawa akawu ko ɗan kasuwa yakan kashe kuɗinsa ya sayo biyu ko uku don yara su yi murna, amma kafin sati biyu sai a wayi gari sun juya ciki sama. Daga nan sai a ce ai kifin ne ba shi da ƙwari. Alhali kuwa ruwan da aka sa shi ciki ne ya kashe shi.

Asalin wannan kifi daga ƙasar Sin yake. Fiye da shekara 1,000 ke nan da mutanen can suka fara tsince masu launin zinariya daga cikin kifayen tafki, suna kiwonsu dabam. Cikin ƙarni na 17 aka kai shi Turai. In ya sami kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15, har akwai wani a Ingila, mai suna Tish, da ya mutu a 1999 yana da shekara 43. Ashe wanda ya mutu cikin sati biyu ko ƙuruciya bai gama ba.

Mazauni

Kuskure na farko shi ne ɗan tulun gilashin nan mai ƙaramin baki. Ruwansa kaɗan ne, iska kuma ba ta shigarsa sosai, har birnin Rum na ƙasar Italiya ya hana amfani da irinsa a 2005. Kifin zinariya yakan kai tsawon santimita 15 zuwa 20, wani ma ya fi. Saboda haka kifi ɗaya yana bukatar akwati mai cin lita 75 ko fiye, wato kamar jarka huɗu, in za a ƙara wani kuma a ƙara lita 40. Akwati mai faɗi ya fi mai zurfi, domin ta saman ruwa iska ke shiga.

Ruwa

Kowane manomi ya san abin da kan faru in an bar akurkin kaji ba shara. To, kaza tana iya fita tsakar gida, amma kifi cikin ruwan da yake numfashi nan yake zub da ƙazantarsa. Wannan ƙazanta tana da wata guba da ake kira amoniya, wadda ido ba ya gani. Ruwa na iya zama garau alhali ya ɓaci.

Masu maganin gubar nan waɗansu ƙwayoyin halitta ne da ke zama jikin soson matacin ruwa da tsakuwar ƙasan akwati. Su ke juya amoniya ta koma naitiret, wanda ba shi da lahani sai ya yi yawa. Amma sai sun yi sati 4 zuwa 6 kafin su yawaita cikin sabon akwati. Dalili ke nan da ya sa kifi ya fi mutuwa a makonnin farko. Mai dabara yakan kunna mataci, ya riƙa sa ɗan abinci cikin ruwan ba kifi har lokacin ya cika, sa'an nan ya kawo kifi ɗaya tukuna.

Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a zuba sabo. Kada a juye duka, kada kuma a wanke akwati da sabulu. Soson mataci a ɗauraye shi cikin tsohon ruwan da aka kwasa, gama ruwan famfo yana da kulorin mai kashe ƙwayoyin nan. In ruwan famfo za a zuba, a ɗiga masa maganin kashe kulorin da masu sayar da kifin ke sayarwa. Tsohon ruwan kuwa kada a zubar, a ba alayyafo ko tumatir, taki ne mai kyau.

Abinci

Kifin zinariya ba shi da tumbin da zai tara abinci, don haka kullum kamar mai yunwa yake. A ba shi abin da zai cinye cikin minti 2, sau ɗaya ko biyu a yini. Ragowar da ta nutse ruɓewa take yi ta ƙara guba. Ya kamata mai gida ya ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki, don in kowane yaro ya zo ya barbaɗa nasa, ƙauna ce za ta halaka kifin.

Zafi

Wannan kifi na ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 23. A ƙasar Hausa hunturu bai dame shi ba, bazara ce abar tsoro, domin ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi. A ajiye akwati a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga mai rana, a sa injin hura iska. In an ɗauke wuta, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama, a kuma rage abinci.

Ruwa ba ya tsami banza. In aka ga kifi ya taso sama yana haki, ko ya lafe a ƙasa ya ƙi cin abinci, abin da za a fara yi shi ne sauya rabin ruwan nan da nan. Wanda ya san ba zai iya ba da rabin sa'a kowane mako ga wannan aiki ba, gara ya bar kifin wurin mai sayarwa, ya riƙe kuɗinsa.