Kisa a Turmin Farko: Musun 'Yan Kallo da Lafiyar Ɗan Dambe

[Kiɗan kalangu ya tashi, sannan ya yi ƙasa]

  Muna miƙa gaisuwa ga mutanen Kachalla Sembe, da 'yan uwa na Sintali da Majidadi da Turaki da Barade da Mayo Gwoi, da duk wanda ya kamo mu a cikin Jalingo da kewayenta. Yau fagen dambe za mu shiga, amma ta ƙofar 'yan kallo.

Duk wanda ya saba zama teburin mai shayi bayan sallar isha'i ya san musu iri biyu ne ba su da ranar ƙarewa. Akwai na ƙwallo, wancan Madrid, wannan Barcelona. Akwai kuma wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, wato musun Kudu da Arewa da Guramada. A da sai mutum ya taka har fage kafin ya samu bakin magana. Yanzu waya ta ɗauke wa kowa wannan wahala. Damben da aka yi da yamma a filin Ado Bayero Square na Sabon Garin Kano, ko a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, kafin a kwanta barci ya iso majalisun Jalingo ta Facebook da YouTube. Sai a haɗa kai a kan waya guda, a maimaita naushi ɗaya sau goma.

Ga wanda bai san tsarin ba, 'yan damben gargajiya ɓangare uku ne: Kudu, da Arewa wadda wasu ke kira Jamus, sai Guramada. Yaro yakan shiga dambe ne ta hannun ubangida, kuma sunan ubangidan yake ɗauka ya shiga fage da shi. Shi ya sa kake jin Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane. In ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, ubangidansa ya yi, ɓangarensa ya yi. In aka kashe shi, gida guda aka jefa cikin kunya, kuma bashi ne da sai an biya. Wannan shi ne gishirin abin. Mai goyon bayan Kudu zai kawo maka sunan gwarzonsu Ebola, na Arewa ya ce ina ka bar Ali Ƙanin Bello, na Guramada ya buga tebur ya ce Garkuwan Cindo da Dogo Mai Takwasara fa? Dattijon da ke gefe yana kurɓar shayinsa ya ce, “Yara, ku ba ku ga dambe ba, tunda ba ku ga Shago ba.” A ce masa, “Baba, zamani ya canza.” Ya ce hannu dai bai canza ba.

Kuma Baba yana da hujja. Dambe tsohuwar sana'a ce ta mahauta, da kaka ake yin ta bayan amfanin gona ya zo gida, ana bin gari gari da makaɗa. Har yau in ana zancen Shago da Ɗan Dunawa, ko waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago, za ka ga tsofaffi sun gyara zama. Ni ina ƙaunar wannan wasa, kuma ina ƙaunar musun da ake yi a kansa. Musu ne da ke haɗa mahauci da ɗan acaba da malamin makaranta a benci ɗaya, a yi ta ɗaga murya, a tashi ana dariya.

To amma ku saurari musun da kyau, ku ji a kan me yake juyawa. A kan kisa ne. Wa ya kashe wa, a turmi na nawa, ya faɗi ta baya ko ta fuska, ya tashi da kansa ko sai da aka yayyafa masa ruwa. In aka yi turmi uku babu kisa, sai ka ji ana cewa yau an ci kuɗinmu a banza. Bidiyon da ya fi yawo shi ne wanda mutum ya zube jikinsa a sandare. A nan nake so mu ɗan tsallaka teku, domin akwai wasu mutane da suka riga mu yin irin wannan musu, suka kuma riga mu ganin abin da ke bayansa.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

A Amurka akwai wasan zari-ruga irin nasu, wanda ƙatti ke sa hular kwano da sulken kafaɗa suna karo da juna. Babbar gasarsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32, an kasa su rukuni takwas, huɗu huɗu. Kowace ƙungiya sai ta kara da 'yan rukuninta sau biyu duk shekara, gida da waje. Maƙwabta ne da ba su da hanyar kauce wa juna, don haka gaba take taruwa shekara bisa shekara, uba ya bar wa ɗansa. Rukunin da ya yi suna wajen duka mai tsanani shi ne wanda ya haɗa Steelers ta birnin Pittsburgh, da Ravens ta Baltimore, da Bengals ta Cincinnati, da Browns ta Cleveland.

A watan Janairun 2016, ana dab da tashi daga wani wasa mai zafi tsakanin Steelers da Bengals, wani ɗan wasan Bengals mai suna Vontaze Burfict ya kai wa Antonio Brown na Steelers karo a ka. Brown ya zube, bai iya buga wasan da ya biyo baya ba, aka dakatar da Burfict wasa uku. Magoya baya suka rabu. Mutanen Pittsburgh suka ce mugunta ce tsagwaronta, wasu na Cincinnati suka ce ai wasan maza ne. A watan Disambar 2017 suka sake haɗuwa a Cincinnati. A wasan nan wani matashin ɗan Steelers, JuJu Smith-Schuster, ya yi wa Burfict karo ya kai shi ƙasa, ya tsaya a kansa, magoya bayan Pittsburgh da yawa suka ɗauka an rama musu. A wannan daren dai, a wannan filin, ɗan wasansu Ryan Shazier ya kai karo da ka, ya ji rauni a lakar bayansa, aka fitar da shi a kwance. Ya sha fama kafin ya sake takawa, kuma bai ƙara buga wasa ba har ya yi ritaya a 2020.

Wannan raunin kowa ya gan shi da idonsa. Akwai wanda ba a gani, kuma ɗan Nijeriya ne ya tona shi. Dakta Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra ta yanzu, wanda ya karanta likitanci a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, yana aikin binciken gawa a Pittsburgh a shekarar 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster. Webster gwarzo ne a garin, sau huɗu yana cin Super Bowl, wato kofin gasar NFL, da Steelers. Amma bayan ya bar wasa sai rayuwarsa ta wargaje: mantuwa, ruɗewa, rashin barci, har ya kai yana kwana a mota. Ya rasu yana da shekara 50. Da aka duba ƙwaƙwalwarsa da ido ba a ga komai ba. Omalu bai gamsu ba, ya yanka ta ƙanana ya sa a madubin likita, ya tarar da wani sinadari ya dunƙule a cikinta yana kashe ƙwayoyin halitta. Ya wallafa sakamakon a 2005. Cutar ita ce ake kira CTE, lalacewar ƙwaƙwalwa sakamakon duka a kai a kai.

Likitocin da ke aiki da NFL suka nemi a janye rubutun nasa. Aka yi shekaru ana ja. Dubban tsofaffin 'yan wasa suka kai ƙara, a 2013 aka amince da sasanci na dala miliyan 765, amma sai a 2016 wani babban jami'in gasar ya amsa a gaban 'yan majalisar Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da wannan cuta. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111 da suka mutu, suka samu cutar a 110. Iyalan da suka ga alamu a jikin mamatansu ne suka fi bayar da ƙwaƙwalen, saboda haka adadin ba ya nufin kowane ɗan wasa haka yake. Duk da haka ya girgiza ƙasar. Kuma tun 1928 wani likita mai suna Harrison Martland ya bayyana irin wannan larura a jikin 'yan damben zamani, masu tangaɗi da rawar hannu da nauyin baki bayan sun tsufa.

Yau a NFL an hana kai karo da tsakar ka, kuma akwai likitan da ba ma'aikacin ƙungiya ba a bakin fili, wanda in ya ga alamar ɗan wasa ya bugu a ka, dole a fitar da shi a duba. Ko da aka kawo dokokin, magoya baya da yawa sun yi ta ƙorafi wai an lalata wasa, an mai da shi na rago. Ga shi filayen na cika har gobe, gabar Steelers da Ravens kuma ko kaɗan ba ta huce ba.

[Kalangu a hankali]

Mu dawo gida. Gaskiya ce, dambenmu yana da wani sassauci da kakanni suka gina a cikinsa. Da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, wasa ya ƙare. Ba a ƙirga wa mutum goma ya miƙe a ci gaba da jibgarsa kamar yadda ake yi a damben zamani. Turmi uku ne kawai. Wannan hikima ce, kuma ya kamata mu yi alfahari da ita. Amma hannun da aka naɗe da zare tam, ƙulli ne kamar taɓarya, kuma muƙamuƙi da gefen kai yake nema. Babu abin kare kai. A al'ada ba a auna nauyi, ƙaramin jiki yakan sa zare da ƙato, jama'a ma sun fi son hakan. Sannan ɗan dambe da abin da aka liƙa masa a fage yake ci da iyali. In ya kwanta jinya babu mai biyansa. Saboda haka wanda aka kashe yau, ba abin mamaki ba ne ka gan shi ya ɗaure hannu kafin mako ya zagayo, don ya wanke kansa, don kuma tukunya ta hau wuta.

A nan haɗarin ya fi girma. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. Naushi mai ƙarfi yana sa ta bugi ƙashi, kuma wannan sumar da muke yi wa ihu alama ce ta cewa ta jijjigu. Tana bukatar makonni kafin ta dawo daidai. In wani dukan ya same ta kafin ta warke, tana iya kumbura, mutum ya tafi ke nan. Shi ya sa a damben zamani hukumomi da yawa ke hana wanda aka sumar shiga fage na aƙalla kwana 30, wasu ma fiye.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke fassara abin idan ya bayyana. Tsohon ɗan dambe ya fara mantuwa, hannu na rawa, yana faɗa da iyali ba dalili, sai mu ce jifa ne, abokan hamayya ne suka yi masa asiri, ko mu ce shaye-shaye ne. Ba wanda ke komawa ya ƙirga sau nawa kansa ya bugu a shekara goma sha biyar. Mike Webster ma da farko mutane sun ɗauka lalacewa ce kawai ta same shi.

Ban zo in ce a daina dambe ba, Allah Ya kiyaye. Wasu masu shirya gasa na zamani sun fara raba 'yan wasa bisa nauyi, suna ajiye ma'aikatan lafiya a bakin fage, kuma damben bai rasa armashinsa ba. Abin da nake so shi ne wannan ya sauko har ƙananan fagage, har damben kaka na ƙauye. Sarkin dambe da iyayen gida suna da ikon cewa wanda ya suma ba zai sa zare ba sai bayan wata guda, kowane ɓangare ne shi. Masu gidan dambe suna iya cire wani abu daga kuɗin ƙofa a riƙa ba wanda ke hutun dole. Mu kuma 'yan kallo, da kuɗinmu ake yin abin. In yaro ya zauna gida bayan an kashe shi, kada mu ce ya tsorata. Wanda ke liƙi don an yi kisa, ya tuna da wanda aka kwantar, ya aika masa da nasa kason. Kuma kai ɗan Kudu, in ka ga ɗan Arewa na tangaɗi ana neman tura shi fage, ka ɗaga murya kamar yaronka ne.

Kafin mu rufe, ga abin da nake roƙon kowa ya riƙe, domin ba ɗan dambe kaɗai ya shafa ba. Ya shafi yaron da ya yi karo a filin ƙwallo, da ɗan acaban da ya faɗi a hanya. Mutum yana iya buguwa a ka, ya miƙe ya yi magana lafiya lau, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa, sai bayan wasu sa'o'i ya faɗi. Saboda haka kada a bar shi shi kaɗai a wannan dare. In ya fara amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci na rinjayarsa ana tashinsa da ƙyar, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko ya yi farfaɗiya, ko gefe ɗaya na jikinsa ya saki, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a jira gari ya waye. In yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi a zaune, a kwantar da shi a kan abu mai tauri, a riƙe kansa kada ya motsa. A nan Jalingo a nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, a kuma gaya wa likita lokacin da aka yi dukan da tsawon lokacin da ya yi a sume.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.

[Kiɗan kalangu ya tashi]