Fitsarin kwance: duka da gori ba sa busar da tabarma

A gidaje da dama, yaron da ya jiƙa shimfiɗa da dare yakan karya kumallo da bulala. Wani a ɗora masa tabarmar a ka, yaran unguwa su bi shi da waƙar gori. Wani har kwaɗo ake ɗaura masa a ƙugu don a tsorata shi. Alhali yaron yana barci abin ya faru, bai san ya yi ba.

Likitoci ba sa ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala kafin yaro ya cika shekara 5. A wannan shekarun, kusan yara 15 cikin 100 na yin sa, maza sun fi mata, kuma galibinsu na dainawa da kansu yayin da suke girma. Abin yana bin jini: uban da ke zare ido da safe, in aka tambayi tsohuwarsa, wataƙila ita ma ta sha shanyar tabarma.

Akwai sinadarin da jiki ke fitarwa da dare don ƙoda ta rage haɗa fitsari. A wasu yara bai isa ba tukuna, sai mafitsara ta cika, ga nauyin barci ya hana su farkawa. Taurin bayan gida ma na jawo shi, domin hanji in ya cika yakan danne mafitsara. Iyaye kaɗan ne ke lura da wannan.

Abin da ke taimakawa ba ya cin kuɗi. Yaro ya sha ruwa sosai da safe da rana, a rage da yamma, a hana shi shayi da lemun kwalba da dare, ya yi fitsari kafin ya kwanta. In makewayi na can ƙarshen gida cikin duhu, a aje masa fo da fitila kusa. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zane, a rufa masa asiri gaban baƙi da abokan lakkwal.

Sai dai a yi hattara da batun rage ruwa. Yaran da ke da amosanin jini, wato sikila, sukan daɗe suna fitsarin kwance saboda ƙodarsu ba ta iya riƙe ruwa yadda ya kamata. Hana irin wannan yaro sha, musamman a zafin Afrilu da Mayu, na iya tayar masa da ciwo har a kwana asibiti.

A kai yaro likita in ya yi wata 6 ba ya yi sannan ya koma, ko yana jin zafi in yana fitsari, ko ƙishirwa ta yi masa yawa yana ramewa, wanda kan zama alamar ciwon suga. Jini a fitsari kuwa, ga yaran da ke wanka a tafki ko a kogin Kwara, a fara zargin tsargiya, wadda ke da magani. In ya kai shekara 7 abin bai sauƙaƙa ba, akwai ƙwayar desmopressin, amma likita ne kaɗai zai rubuta ta, ba mai tallar magani a tasha ba.