Lissafin Da Ke Jiran Matashin Da Ya Bar Albashi Ya Koma Lambu

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, albashi ya daina kai mutane da yawa tsakiyar wata, zancen komawa gona kuma ya yawaita a bakin matasa masu takardun makaranta. Malamin makarantar kuɗi, da mai rumfar POS, da wanda ya gama hidimar ƙasa yana ta yawo da takarda a Kano, kowa ya fara tuna cewa akwai gonar gado a gida. A Birnin Kudu da Gwaram, inda damina ta fi ta arewacin Jigawa kauri, ga kuma fadamun noman rani, tunanin ba ya jimawa kafin ya zama aiki. Wasu daga cikinsu sun zo da wani suna da suka tsinta a intanet, noman oganik: tumatir da kankana da mangwaro ba tare da takin zamani ko feshin guba ba.

Idan ka yi wa dattijon ƙauye wannan bayani, murmushi zai yi, don kuwa haka mahaifinsa ya yi noma. Shekara da shekaru jakuna na jidar shara da toka daga birnin Kano zuwa gonakin karkara. Bayan kaka manomi yakan roƙi Bafulatani ya sauke shanunsa a gonarsa, a yi mashekari, a biya shi da hatsi. Bishiyar gawo kuwa ba a sare ta, domin ita ce ke kakkaɓe ganyenta da damina ta ba shuka rana da taki, ta kuma yi wa dabba inuwa da rani. Abin da ya sauya shi ne yawan bakin da gona take ciyarwa, da kuma gajiyar da ƙasa ta yi.

A nan lissafin farko yake. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, wanda shi ke sa ganye ya yi kore shar. Busasshen kashin shanu kuwa abin da ke cikinsa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Ke nan kafin ka maye gurbin buhu ɗaya, sai ka kwaso tan ɗaya zuwa biyu na taki, kuma shi ba ya sakin amfaninsa nan take, sai a hankali, wani ma sai baɗi. Wanda ya saba da kujerar ofis ya kwatanta wannan da idonsa: amalanken shanu sawu bayan sawu daga turke zuwa fadama, da kuɗin ɗauka, da kuɗin masu watsawa. Takin ma yanzu ba kyauta ba ne. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin takin zamani a 2022, masu gidajen kaji suka gane cewa abin da suke sharewa kuɗi ne, suka koma ƙulla shi a buhu.

Sannan ɗanyen taki yana da nasa haɗarin. Kashin kaji da bai ruɓe ba yana ƙona dashe, kashin shanu yana zuwa da irin ciyawa, dukansu kuma suna iya ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa zuwa kan latas da kabeji da gurji, abubuwan da ake ci ɗanye. Shi ya sa dokar noman oganik ta Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin duk abin da ke taɓa ƙasa. Mafita ita ce a ruɓar da shi tukuna. A haƙa rami ko a yi tudu a inuwa, a jera busasshiyar ciyawa da karmami, a bi da kashin dabba, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa har ya yi laima kamar tsumman da aka matse. Bayan 'yan kwanaki, idan ka soka sanda ka zaro, za ka ji ta da zafi. Wannan zafin, in ya kai maki 55 ya kuma daɗe, shi ke kashe cuta da irin ciyawa. Ana juyawa lokaci zuwa lokaci, cikin wata biyu zuwa uku ya koma baƙi, ya daina wari, ya riƙa ƙamshin ƙasar ruwan farko.

Ƙwari sun fi taki wuyar sha'ani. Manoman tumatir ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta, wadda suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Jigawa. Har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa sai da ta tsaya a shekarar don rashin abin niƙawa.  Sharon tana shigewa cikin ganye ne ta ɓuya, kuma ta saba da magunguna da dama, sai ka ga manomi yana ƙara ƙarfin feshi yana ƙara asara. Mai noman oganik yana da 'ya'yan darbejiya, a daka a jiƙa a kwana a tace, a fesa da yamma. Sinadarin da ke ciki yana hana ƙwaro ci da girma, amma rana na kashe ƙarfinsa da wuri, dole a maimaita. Sauran aikin na ido ne: zagaya fangali kowace safiya, ɗaga ganye, tsinke wanda ya kamu, da kuma kada a maimaita tumatir ko tattasai a wuri ɗaya shekara biyu a jere. Wanda yake son ya yi noma ta waya daga Dutse, wannan ba sana'arsa ba ce.

Ba na ganin laifin matashin da ke ƙyamar guba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a jikinsa, irin wanda ke cikin fiya-fiya. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan masu nunar da mangwaro da ayaba da kabayid na 'yan walda. Amma gaskiya ɗaya ce: wani babban nazari da mujallar Nature ta buga a 2012 ya nuna cewa amfanin gonar oganik yakan gaza na zamani da kusan kashi 25 cikin 100, giɓin ya fi faɗi a kayan lambu, ya fi ƙanƙanta a itatuwan marmari. Ƙasar Siri Lanka ta gwada hana takin zamani dare ɗaya a 2021, shinkafa ta faɗi, kafin shekara ta ƙare gwamnati ta janye.

To wa zai biya wannan giɓi? A Turai mai saye ne, domin akwai tambari, akwai masu bincike, gona kuma sai ta yi shekara biyu zuwa uku ba sinadari kafin a ba ta shaida. A kasuwar Sara ko 'Yan Kaba, dillali girman tumatir da jansa yake kallo. Kwandonka da na maƙwabcinka mai feshi kuɗinsu ɗaya, in ma naka ba shi da sheƙi a taya shi ƙasa. Kayan gwari kuma ba sa jiran gardama.

Saboda haka ribar mai wannan noma a yankinmu tana wuri biyu ne kawai. Na farko, kuɗin da bai kashe ba, wanda ke nufin sai yana da tumaki ko kaji nasa da za su ba shi taki. Na biyu, mai saye da ya san fuskarsa: ma'aikatan asibiti da malaman makaranta a Birnin Kudu, gidaje a Dutse, masu abincin sayarwa, waɗanda za a kai wa zogale da latas har ƙofa ta WhatsApp. A nan ne karatun matashi ke da rana, don shi ya iya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Akwai kuma tsarin da ƙungiyar masu noman oganik ta ƙasa, NOAN, take yaɗawa, inda manoma da masu saye ke haɗuwa su duba gonakin juna su ba da shaida, ba sai an ɗauko mai bincike daga waje ba.

Ɗan'uwa mai shirin ajiye aiki, kada ka rubuta takardar a bana. Ka karɓi aron fangali goma, ka tara takinka tun da kaka, ka dasa mangwaro da gwaiba masu aure a bakin gona, ka nemi malamin gona na hukumar aikin gona ta Jigawa, JARDA, da dattijon da ke maƙwabtaka da kai. In ranin farko ya mayar maka da kuɗin man injin ban-ruwa, sai ka ƙara goma.