Ɗanyen Nama Ga Karen Gadi: Ina Ribar, Ina Hasarar?



Duk mai bin kasuwannin shanu na arewacin Kamaru, daga Adumri zuwa Pitowa da Ngong da Gidar, har ya tsallaka iyaka zuwa tiken Mubi, ya san karnuka sun yawaita a hannun mutanenmu. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun zamanin 'yan zargina masu tare hanya, ga ɓarayin shanu, ga kuma masu sace mutane don kuɗin fansa a wajajen Mayo-Rey, barci ya ƙaurace wa idon mai garke. Saboda haka wanda a da ko kallon kare ba ya yi, yau yana da biyu ko uku a wurin da yake tsare shanunsa a bayan garin Garwa kafin a yi lodi. Malamanmu sun halatta ajiye kare don tsaron dabbobi da gona da farauta, wannan babu gardama a kai. Abin da ya kawo mu yau shi ne abin da za a zuba masa ya ci.

Wata magana ta shigo mana ta hannun samarinmu masu kallon waya, wai a Turai da Amurka an daina ba kare dafaffen abinci, an koma ɗanyen nama da ƙashi da kayan ciki, domin wai shi ne abincinsa na asali tun yana ɗan daji. Maganar tana da tushe. Wani likitan dabbobi na ƙasar Ostireliya mai suna Ian Billinghurst ya fitar da littafi a 1993 yana kira ga haka, mutane da yawa kuwa suka bi shi. Masu yi suna cewa gashin kare yana sheƙi, haƙoransa suna fita tas, kashinsa yana raguwa. To amma ko a can ɗin ba a taru an zama ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fitar da matsayinta a 2012, ta ce ba ta goyon bayan ba kare ko kyanwa ɗanyen nama, saboda ƙwayoyin cutar gudawa irin su salmonela da suke wucewa daga kwanon kare zuwa mutanen gida, musamman yara da tsofaffi.

A lura da abu guda. Naman da Bature yake ba karensa ya fito daga mayanka da likita ya duba, an ƙunshe shi a leda, an daskarar da shi a firji. Mu kuwa in an ce ɗanyen nama ga kare a Garwa ko Marwa ko Mubi, kowa ya san ba cinyar sa ake nufi ba. Wa zai sayi tsoka da tsadar nan ya ba kare? Abin da ake nufi shi ne abin da mahauci ya ƙi: huhun da aka gani da ƙulli, hantar da ta lalace, kan tunkiyar da aka yanka don ciwo, mabiyiyar saniya, ɗan da aka yi ɓarinsa, wani lokaci ma har mushe. Nan ne maganar ta daina zama ta kare ta koma ta dukiyarmu da 'ya'yanmu.

Kowannenmu ya taɓa tsayawa a abatuwa ya ga an fasa sa ko raƙumi ko tunkiya, aka sami wata jakar ruwa a cikin huhu ko hanta, wata kamar ƙwan kaza, wata ta fi lemo girma. Malamin dabbobi ya gani ya ce a zubar, yaron mahauci ya ɗauka ya wurga wa karnukan da suke jira a bakin kwata. To wannan jaka ba ruwan banza ba ne a cikinta. Cike take da kawunan wata 'yar tsutsa, wani lokaci dubbai. Idan kare ya haɗiye su, sai su maƙale a hanjinsa su girma. Tsutsar ƙarama ce ƙwarai, tsawonta bai wuce milimita 3 zuwa 6 ba, wato kamar ƙwayar shinkafa ko ƙasa da haka, shi ya sa mai kare ba ya ganin komai. Karen ma ba ya ramewa, ba ya nuna alamar ciwo, yana haushinsa lafiya lau. Bayan kamar mako 6 sai ƙwayayen tsutsar su fara fita cikin kashinsa, su bazu a ciyawa da bakin mashaya da wurin zuba dusa. Saniya ko akuya ta ci ciyawar, ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinta, ya bi jini ya sauka a hanta ko huhu, ya yi wata sabuwar jakar ruwa. Ka ga an yi kewaye an dawo inda aka faro. Saniya ba ta ba saniya wannan cuta, kare ma ba ya ba kare. Dole sai an sami mai jefa huhun. Binciken da aka yi a mayankun Kano da Sakkwato da Maiduguri ya nuna raƙuma ne suka fi ɗauke da ita, sai a kula da wannan wajen masu harkar raƙuma ta ɓangaren Cadi.

Wani zai ce mu a tsaye muke sayarwa, hasarar hanta da huhu ta mahauci ce. Wanda ya faɗi haka bai daɗe a sana'ar nan ba. Nawa ne daga cikin shanun da muke kaiwa Yawunde da Duwala ta jirgin ƙasa daga Ngaundere, ko Legas da Fatakwal ta tirela, ake biyanmu kuɗinsu lakadan? Yawanci bashi ne, sai an yanka an sayar. Ranar biya mahauci zai ce likita ya kama hanta kaza da huhu kaza, a rage masa. In abin ya maimaitu sau biyu sau uku, sai sunan shanun yankin ya ɓaci, kowa ya riƙa taya su da rangwame tun kafin a fasa.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da yake samun ɗan Adam. Mutum ba ya kamuwa ta cin naman dabbar, daga kare yake ɗauka. Ƙwan yana maƙale a gashin kare da bakinsa da tafinsa. Yaro ya shafa kare ya sa hannu a tuwo, ko kare ya sa baki a bokitin ruwa, ko ya yi kashi a lambun salak na bakin Binuwai, shi ke nan. Jakar ruwan nan da muke gani a huhun raƙumi ita ce za ta tsiro a hantar mutum ko huhunsa. Girmanta a hankali ne, tana iya yin shekaru ba a sani ba, sai ciki ya kumbura ko tari ya ƙi jin magani, a yi ta cewa sammu ne. Maganinta sai asibiti, sau da yawa sai an yi aiki an cire, idan kuwa ta fashe a ciki tana iya kisa. Makiyayan Turkana na arewacin Kenya, waɗanda suke kwana da tashi tare da karnukansu, suna cikin waɗanda cutar nan ta fi addaba a duniya. Rana mai zafi irin ta watan Maris da Afrilu a Garwa tana kashe ƙwan da wuri a fili, amma a inuwa mai damshi yana yin watanni da ransa, wato daidai inda shanu suke sha kuma yara suke wasa. Wanke kwanon da kare ya sa baki sau 7 da muka koya tun muna makarantar Islamiyya, ga amfaninsa nan a fili.

Akwai 'yan'uwan wannan tsutsa. Tunkiyar da take karkata kai tana ta zagaye wuri ɗaya har ta faɗi, sau da yawa jakar ruwa ce a ƙwaƙwalwarta, ita ma daga kashin kare. In an yanka ta aka jefa wa kare kan, an sake shuka cutar ke nan a garke. Haka kuma akwai wata ƙwayar cuta mai suna Neospora, wadda masana suka tabbatar a 1998 cewa kare ne yake yaɗa ta, tana sa shanu ɓari. Kare yana ɗaukarta idan ya ci mabiyiya ko ɗan ɓari. Ga kuma bakkale, wanda shi ma a mabiyiyar yake zaune, kare ya ja ta daga wannan garke zuwa wancan. Amma kada a ɗora wa kare laifin da ba nasa ba. Tsutsar hanta mai faɗi kamar ganye, wadda take damun shanun da suka yi kiwo a fadamun Binuwai da bakin dam ɗin Lagdo, ta hanyar dodon koɗi take zuwa. 'Yan ƙwayoyin nan farare kuma da ake gani cikin tsokar sa, daga bayan gidan mutum suke.

Maganar mushe gajeriya ce. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci da dubura bai daskare ba, a ɗauka ciwon saifa ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Ba a feɗe ta, ba a cire fata, ba a bari kare ya kusance ta, domin da zarar an buɗe gawar ƙwayar cutar takan shiga ƙasa ta zauna shekaru da dama. Ko a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gonar dabbobi kusa da Suleja a Jihar Neja. A sanar da ofishin MINEPIA mafi kusa. Ɗakin binciken LANAVET da yake Bokle, nan bayan Garwa, shi yake yin allurar rigakafinta.

Sai kuma zancen da muke ji a tike, cewa ɗanyen nama ne yake sa kare zafin rai ya iya gadi. Mun ga karnukan ruga da ba su san komai ba sai tuwon masara da tsala, amma kura ba ta isa ta raɓi garkensu ba. Gadi jini ne da horo. Wasu kuma suna cewa ɗanyen nama ne yake haukata kare. Shi ma ba haka ba ne. Haukan kare daga cizon dabba mai ciwon yake zuwa, maganinsa allurar rigakafi, ko da me ake ciyar da shi.

To me za a ba shi? Kayan cikin nan dai su ne masu araha, kuma ba mu ce a hana kare su ba. A dafa. A yanka ƙanana, a zuba a tsohuwar tukunya ko rabin garwa, a bari su tafasa sosai na minti 30. Da wannan ƙa'ida ƙasar Niyu Zilan, wadda take cike da tumaki, ta yi yaƙi da cutar jakar ruwa, ta hana ba kare ɗanyen kayan ciki da doka, har a 2002 ta ba da sanarwar ta rabu da ita. Kuɗin icen da za a ƙona bai kai kuɗin hanta ɗaya ba. Firji kuwa kada a dogara da shi, wutarmu ba ta da tabbas, sanyi kuma ba ya kashe salmonela. Abin da likita ya kama, da kan dabbar da take zagaye, da mabiyiya, waɗannan ba na dafawa ba ne, a ƙone ko a binne da zurfi yadda kare ba zai tono ba. Romon dafuwar a kwaɓa da tuwon dawa ko masara. Tsoka zalla ba ta gina ɗan kwikwiyo, ƙafafunsa lanƙwashewa suke yi don rashin sinadarin ƙashi, sai a haɗa masa da nono ko garin ɓawon ƙwai. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji, ragowar miya mai albasa da yawa kuma tana lalata jinin kare. Wanda ya saba da wani abinci, a sauya masa a hankali cikin mako guda, in ba haka ba zai yi zawo.

Karen da ya riga ya saba cin ɗanye a bakin kwata kuwa, dafa masa yau ba zai fitar da tsutsar da take cikinsa ba. Maganinta sunansa praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin karen, ana samunsa a shagunan maganin dabbobi. A nan ne da yawa cikinmu suke kuskure, su ɗebo ivermectin ɗin da yake cikin jakarsu ta shanu su yi wa kare. Wannan allura ba ta taɓa irin wannan tsutsa ko kaɗan. Bayan an ba shi praziquantel a ɗaure shi kwana biyu, a kwashe kashinsa da shebur a ƙone ko a binne, domin maganin tsutsar yake kashewa, ƙwan yana nan da ransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a maimaita aƙalla sau 4 a shekara, wanda karensa yake yawo kusa da mayanka kuwa gara ya yi duk bayan mako 6.

Ranar Babbar Sallah ita ce ranar da aka fi yin ɓarnar nan, domin kowane gida mayanka ne kuma babu malamin dabbobi a tsaye. Sai a gargaɗi yara masu gyaran kayan ciki tun kafin a kwantar da rago, a haƙa rami a ajiye. Shugabannin ƙungiya na kowace kasuwa kuma muna roƙonsu su zauna da sarkin fawa da malamin dabbobi na wurin, a haƙa rami mai murfi a bayan kwata don zuba abin da aka kama, a kuma sa wanda zai riƙa duba shi ranar kasuwa.