BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: YADDA SAUYIN KWAMFUTA YA DURƘUSAR DA WANI BANKIN BIRITANIYA

Da ƙarfe 4 na yammacin ran Jumma'a, 20 ga watan Afrilu 2018, wani bankin Biritaniya da a ke kira TSB ya rufe hanyoyinsa na hulɗa ta intanet, ya roƙi masu ajiya su yi haƙuri zuwa ƙarfe 6 na yammacin ran Lahadi. Dalili kuwa shi ne za a kwashe lissafin mutum miliyan 5 da ɗoriya daga tsohon tsarin kwamfuta a zuba shi cikin sabo. Shugabannin bankin sun yi kusan shekara 3 suna shirin wannan rana, suna kuma ganin ba abin da ya rage sai murna.

Lahadi ta yi, aka buɗe hanyoyi, sai magana ta sha bamban. Wani ya nemi shiga asusunsa ya kasa. Wani ya shiga ya iske lissafin da ba nasa ba. Wani kuma ya buɗe ya ga asusun wani baƙon da bai taɓa jin sunansa ba. Kafin a kwana biyu, wajen mutum miliyan 1 da dubu 900 sun rasa yadda za su taɓa kuɗinsu ta waya ko ta intanet. Aka yi tururuwa zuwa rassan bankin, alhali kuwa injunan ma'aikatan rassan su ma sun cije. Masu buga waya suka riƙa shafe sa'o'i suna jira ba wanda ya amsa. Ƙananan 'yan kasuwa suka kasa biyan albashin yaransu. 'Yan damfara kuma da suka ga gari ya rikice, sai suka shiga aika saƙo da sunan bankin, har suka wawashe kuɗin mutum wajen 1,300.

Wannan labari ya zama abin nazari ga duk wanda aka ɗora wa shugabancin sashen kwamfuta, ko a banki, ko a ma'aikata, ko a kamfani. Domin da aka bi diddigi, an tarar injin bai yi laifin kome ba. Ɓarnar ta faro ne tun daga ɗakin taro, watanni da yawa kafin ranar.

ASALIN MAGANA

Bankin TSB ɓallo shi aka yi daga jikin babban bankin nan Lloyds. Lokacin da tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008, gwamnatin Biritaniya ta tallafi Lloyds da dukiyar jama'a, Hukumar Tarayyar Turai kuwa ta gindaya sharaɗin lalle ya rabu da wasu rassansa. Da haka TSB ya tsaya da ƙafarsa a watan Satumba 2013, da rassa sama da 600. Amma fa ba shi da tsarin kwamfuta na kansa. Haya ya ke yi a wurin Lloyds, yana biyan sama da fam miliyan 100 kowace shekara, watau kamar mutumin da ya ware tukunyarsa amma har yanzu a murhun gidan ubansa ya ke girki.

A 2015 wani bankin ƙasar Sifen mai suna Sabadell ya sayi TSB a kan fam biliyan 1.7. Sabadell yana da nasa tsarin da ya ke kira Proteo, ya kuma saba haɗiye ƙananan bankuna a ƙasarsa yana ɗora su a kai. Saboda haka ya yanke shawarar a gina wa TSB irinsa, a daina biyan kuɗin haya. Shawarar ba ta da aibu a kanta. Zamani ya juya, masu ajiya sun koma hulɗa ta wayar hannu, sababbin bankuna marasa reshe ko ɗaya suna ta janye matasa, wanda kuwa ke zaune a kan aron kaya ba ya iya sauya kome sai da yardar mai kayan. Tilas ne a yi ƙaura. Abin da ya rage shi ne yaushe, kuma ta yaya.

AN TSAI DA RANA KAFIN A AUNA AIKI

Bayan abin ya faru, hukumar daraktocin TSB ta ɗauki wani kamfanin lauyoyi na Landan, Slaughter and May, ya bincika, aka kuma fito da rahotonsa a watan Nuwamba 2019. Abu na farko da rahoton ya nuna shi ne yadda aka tsara lokaci. Maimakon a fara lissafa ayyukan da ke gaba, a auna kwanakin da kowanne zai ci, sa'an nan a ga inda ƙarshe zai faɗa, sai aka fara tsai da ranar gamawa, aka dawo ana cusa ayyuka cikin kwanakin da suka rage. Ranar farko da aka sa ita ce cikin watan Nuwamba 2017. Da ta gagara aka ɗaga zuwa farkon 2018, har aka dire a watan Afrilu, ba tare da an zauna an yi wa jadawalin gyara na tsakani da Allah ba.

Duk magini ya san abin da ke faruwa in mai gida ya ce lalle ran kaza zai tare, ko an gama ko ba a gama ba. Ba za a fasa aza rufi ba, ba za a fasa shafa fenti ba, domin su ido ke gani. Abin da za a rage shi ne jiran siminti ya bushe. A aikin kwamfuta, jiran simintin shi ne gwaji. Shi ne ke zuwa a ƙarshe, don haka shi a ke matsewa duk lokacin da kwanaki suka ƙure.

Haka kuwa aka yi. An gina wa bankin rumbunan ajiyar bayanai guda 2, waɗanda aka ce tagwaye ne, kome nasu iri ɗaya, don su raba nauyi a tsakaninsu. Da aka zo gwada ko tsarin zai iya ɗaukar cunkoson jama'a, sai aka yi gwajin a kan rumbu ɗaya, aka ɗauka cewa abin da ya yi, ɗan'uwansa ma zai yi. Ashe an sami saɓani a yadda aka saita su. Wannan saɓani bai bayyana ba sai ranar da miliyoyin mutane suka danno gaba ɗaya.

Har wa yau, rahoton ya yi magana kan yadda aka kwashe kusan dukan masu ajiya a tashi guda cikin kwana 2, a kan tsarin da ba a taɓa jarraba shi da jama'a mai yawa haka ba a Biritaniya. Kwashewa kaɗan-kaɗan ta fi tsada, ta fi cin lokaci, amma in an yi tuntuɓe mutum dubu ne za su ji jiki, a gyara, a ci gaba. Bankin dai bai amince da dukan abin da rahoton ya ƙunsa ba, sai dai shi da kansa ya yarda da batun saɓanin rumbunan nan biyu.

KWANGILA A CIKIN GIDA

Wanda aka ba kwangilar gina tsarin da gudanar da shi wani kamfani ne mai suna Sabis, wanda shi ma mallakar Sabadell ne a lokacin. Watau mai ba da aiki da ɗan kwangila uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A ido wannan sauƙi ne, amma a nan wani haɗarin ya ɓuya. Ɗan kwangilar waje a kan tsare shi da tambaya, a nemi shaida, a ƙi biyansa in ya gaza. Ɗan'uwa kuwa sai a ji nauyinsa, a karɓi maganarsa yadda ya faɗa. Bugu da ƙari, shi Sabis ɗin ya rarraba aikin ga wasu kamfanoni fiye da 80, waɗanda TSB ba shi da hulɗa da su kai tsaye.

A tsakiyar wannan sarƙa akwai mutum ɗaya, Carlos Abarca, babban jami'in da ke shugabancin sashen kwamfuta na TSB a lokacin. Daraktocin banki galibinsu masana kuɗi ne da shari'a da kasuwanci. Ba su iya shiga rumbu su duba waya da waya. Idonsu da kunnensu shi ne shugaban sashen kwamfuta. In ya ce an shirya, an shirya ke nan.

Kafin ranar ƙaura, Sabis ya rubuto takarda yana cewa a shirye ya ke. Hukumar da ke sa ido kan lafiyar bankuna a ƙarƙashin Babban Bankin Ingila, wadda a ke kira PRA, ta duba wannan takarda daga baya, ta ga wani sashe nata alkawari ne na abin da a ke fatan kammalawa, ba shaidar abin da aka riga aka kammala ba. Duk da haka shugaban sashen ya ba daraktoci tabbacin cewa ɗan kwangila ya shirya, ba tare da ya sami isasshiyar hujja a hannunsa ba. Daraktoci suka dogara da shi, suka ba da izini.

ABIN DA AKA GIRBA

Abin mamaki, lissafin kansa ya ƙaura lafiya. An kwashe bayanai wajen biliyan 1.3, kuɗin kowa ya isa sabon gida daidai. Ƙofar shiga gidan ce ta ƙi buɗuwa. Mai ajiya kuwa ba ruwansa da wannan bambanci, domin kuɗin da ba ya iya taɓawa ranar biyan haya, da su da babu duk ɗaya.

Cikin 'yan kwanaki aka kira ƙwararrun kamfanin IBM su kawo ɗauki. Shugaban bankin, Paul Pester, ya gurfana sau 2 gaban kwamitin kuɗi na Majalisar Wakilan Biritaniya, a watan Mayu da watan Yuni, ya sha tambayoyi masu zafi, kuma a watan Satumba 2018 ya sauka daga muƙaminsa. Al'amura ba su daidaita sosai ba sai a watan Disamba, watau bayan wata 8. Ƙorafe-ƙorafe sama da 200,000 suka shigo, masu ajiya wajen 80,000 suka kwashe asusunsu zuwa wasu bankuna cikin shekarar. Bankin ya ce rikicin ya ci masa fam miliyan 330, ya kuma rufe shekarar da hasarar sama da fam miliyan 100. Aikin da aka yi wa gaggawa don a tsimi kuɗin haya, ga abin da ya jawo. Sauri ya haifi nawa.

A watan Disamba 2022 hukumomin sa ido guda 2 suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65, ban da diyyar fam miliyan 32.7 da ya biya masu ajiya. Sa'an nan a watan Afrilu 2023 hukumar PRA ta ci shi kansa Carlos Abarca tarar fam 81,620 daga aljihunsa. Ba a zarge shi da sata ko ha'inci ba. Laifinsa shi ne bai ɗauki matakan da suka kamata ba wajen tabbatar da cewa bankin yana sa ido sosai kan ɗan kwangilarsa. An yi masa hukuncin ne bisa wata doka da ta fara aiki a Biritaniya a 2016, wadda ta ce kowane babban aiki a banki lalle a rubuta sunan jami'in da zai amsa tambaya a kansa.

IN ƁERA DA SATA

Ba adalci ba ne a jibga wa mutum ɗaya dukan kayan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu bincike sun ga cewa daraktoci ba su yi tambayoyin da ko wanda bai san kwamfuta ba zai iya yi: shin ɗan kwangilar nan ya taɓa yin aiki mai girman wannan? Me aka gwada, me aka bari? In abin ya ƙi ran Lahadi, ina mafita ran Litinin? Shugabannin da ke nuna wa na ƙasa da su cewa labari mai daɗi kaɗai su ke son ji, shi za a riƙa kawo musu har ranar da gaskiya za ta yi halinta.

Amma duk da haka, nauyin farko yana wuyan shugaban sashen kwamfuta. Sanin injin da sanin manhaja wajibi ne gare shi, sai dai wannan ilmi yana tsufa da wuri, kuma yaransa matasa sun fi shi riƙe sabon yayi. Abin da ba wanda zai yi a madadinsa shi ne tsayawa tsakanin masu kuɗi da masu aiki, ya fassara wa kowane ɓangare maganar ɗayan ba ragi ba ƙari. Ya gaya wa ma'aikatansa dalilin da ya sa kasuwa ba za ta jira su har abada ba. Ya kuma gaya wa daraktoci, da harshen da za su fahimta, cewa ga abin da aka gwada, ga abin da ba a gwada ba, ga kuma abin da zai biyo baya in an yi tsalle a haka. In takardar ɗan kwangila ta zo, ya bambance alkawari da shaida. In rana ta ƙarato alhali aiki bai nuna ba, ya iya buɗe baki ya ce ba a shirya ba, ko da ransu zai ɓaci. Ɓacin ran taro ɗaya ya fi sauƙi bisa ga abin da TSB ya gani cikin wata 8.

Bankin kansa ya ɗauki darasi. A farkon 2020 ya sanar da cewa zai karɓe ragamar harkokin kwamfutarsa daga hannun Sabis ya riƙe da kansa, tare da taimakon IBM, ya kuma buɗe cibiyar fasaha a birnin Edinburgh. Ana iya ba da aiki kwangila, amma alhaki yana nan wuyan mai shi.

Masu ajiya a Nijeriya ba baƙin irin wannan ƙaura ba ne. Lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sa aka haɗe bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, sai da aka narkar da tsare-tsaren kwamfuta iri-iri wuri guda. A watannin ƙarshe na 2024 kuma wasu manyan bankunan ƙasar sun sauya tsarinsu, jama'a suka yi kwanaki kuɗi na maƙalewa a hanya, ɗan kasuwa ya ba da kaya bai ga shigar kuɗi ba, mai sayayya kuma an cire masa. Tun da ciniki ya koma kan waya daga Legas har Maiduguri, irin wannan sauyi ba zai ƙare ba. Kowane lokaci kuwa, kafin a rufe hanyoyi ran Jumma'a da yamma, akwai wani jami'i da daraktoci za su juya su dube shi su ce, an shirya? Albashin ma'aikata da jarin 'yan kasuwa suna rataye ne a kan amsar da zai bayar.