Kama da wane ba ta wane: Illar haɗa na'urorin gudu daban-daban a ƙaramin jirgi mai inji biyu

Tun da Rundunar Sojin Sama ta baje kolin jirginta maras matuƙi, Gulma, a Kaduna cikin Disambar 2013, sannan Tsaigumi ya biyo baya a Fabrairun 2018, sha'awar ƙera ƙananan jirage ta ƙara shiga zukatan matasa. A Yola da Jimeta, inda ake da Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Najeriya, sha'awar na da inda za ta kafu. Amfaninta kuma a fili yake: ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, sun nuna muhimmancin jirgin da zai leƙa gaɓar Kogin Binuwai ya dawo da hotuna.

Sai dai irin wannan jirgi na iya faɗowa saboda wata 'yar na'ura da ba ta kai kwalin ashana biyu ba, wadda masu harkar ke kira ESC. Tana zaune tsakanin batir da inji, tana karɓar umarnin rimot, tana ƙayyade saurin juyawar farfela. Jirgi mai inji biyu na buƙatar guda biyu, ɗaya a kowane fiffike.

Matsalar kan faro ne ranar da ɗaya ta ƙone. Matashin da ke unguwar Ajiya ba lalle ne ya samu irinta a kusa ba, kuma odar sabuwa daga Legas ko Sin na cin kuɗi da lokaci. Sai ya ɗauko wadda ya samu, tunda ita ma an rubuta mata ampiya 30 kamar waccan.

Wannan lamba tana nuna iyakar wutar da na'urar za ta iya ɗauka ne kawai, ba ta bayyana halinta. Umarnin rimot kan zo a matsayin bugun lantarki mai tsawon kashi ɗaya zuwa biyu cikin dubu na daƙiƙa, kuma kowane kamfani da yadda na'urarsa ke fassara shi. Wata kan tashi da wuri, wata sai an ƙara turawa. Idan injin dama ya fi ja, hancin jirgi zai karkata hagu, kamar kwalekwalen da matuƙin gefe ɗaya ya fi ɗan'uwansa ƙarfin hannu. Wannan ya fi muni a lokacin tashi, domin iskar da ke bi ta jela ba ta kai ta gyara karkatar ba.

Haɗari na biyu ya fi ɓuya. Kowace na'ura na rage wuta ko yanke ta idan batir ya yi ƙasa, galibi a wajen volt 3 kan kowane ɗakin batir, haka nan idan ta ɗauki zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40. Idan ma'aunin na'urorin ya bambanta, ɗaya za ta yanke wuta ta bar ɗaya tana ja, jirgin ya juya ya kifo.

Na uku, yawancinsu na ba risiba wuta ta jar waya, wata volt 5, wata volt 6. Shi ya sa ake cire jar wayar ɗaya, a bar guda ta yi aikin.

Wannan ba ya nufin na'urori mabambanta ba za su taɓa aiki tare ba. Suna iya yi, muddin an saita su da rimot ɗaya bayan an cire farfela, an daidaita ma'aunin yanke wutarsu, sannan an ɗaure jirgin a ƙasa an auna jan kowane inji a ƙaramin gudu, matsakaici da cikakke. Idan bambancin ya ƙi gushewa, sayen tagwaye ya fi asarar jirgi da kyamara sauƙi.

Akwai darasi a nan ga jami'an da ke rubuta takardun sayen kaya a ma'aikatu. Jimlar nan ta "ko makamancinsa" na buɗe ƙofar gasa tsakanin 'yan kwangila, amma a kayan da ke aiki bibbiyu, wajibi ne a ƙara sharaɗin cewa su zo daga kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, tare da na ajiya irinsu.

Haka kuma, tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ta ce ba a tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Filin jirgin saman Yola a Jimeta yake, kusa da gidajen jama'a. Jirgin da ya ƙwace wa mai shi a irin wannan wuri, ba mai shi kaɗai zai ji a jikinsa ba.