Shari'ar makarantu a Amurka

A da, a jihohi da yawa na Amurka, doka ta raba makarantu: na fararen fata dabam, na baƙaƙe dabam. A garin Topeka an hana wata yarinya, Linda Brown, shiga makarantar kusa da gidansu don ita baƙa ce. A 1951 ubanta da waɗansu iyaye suka kai ƙara. Lauyoyi, Thurgood Marshall a gabansu, suka kai maganar har kotun ƙoli. Ran 17 ga Mayu 1954, alƙalai 9 baki ɗaya suka haramta wannan rabo. Amma gardama ba ta ƙare ba. A 1957, a garin Little Rock, sai da soja suka raka yara baƙaƙe 9 kafin su shiga aji.